Tsarabar Alhaji Na-Je Daga Bhutan

Duk Bahaushen da ya kwana biyu tsakanin Maryland da Virginia a Amurka bai san Alhaji Ilu na Fort Washington ba, to ya binciki kansa, wataƙila ba a cikin mutane yake zaune ba. Allah ya yi wa wannan bawa nasa baiwar da bai yi wa kowa ba a yankin: babu garin da za ka ambata a gabansa wanda bai taka ba. Ka ce Alƙahira, ya ce ya je. Ka ce Santambul, ya ce a can aka yi masa askin da ya fi kowanne a rayuwarsa. Wani ɗan Nijar mai tuƙin tasi ya taɓa ambatar ƙauyen kakarsa, can bayan Tanut, ƙauyen da mutanen Tanut ɗin ma sai sun yi tambaya kafin su same shi. Alhaji ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, "Ai na je. Rijiyarsu akwai zurfi." Tun daga ranar aka laƙaba masa Alhaji Na-Je, da sunan ya kai kunnensa kuwa sai ya karɓe shi hannu bibbiyu, a zatonsa lambar yabo ce.

A jikin katinsa an rubuta cewa shi mai ba da shawara ne kan cinikayyar ƙasa da ƙasa. 'Yan baƙin ciki suna cewa motocin da suka yi hatsari yake saye a gwanjo, ya loda su a tashar jiragen ruwan Baltimore zuwa Kwatano. To amma a yi adalci mana. Baltimore a wata ƙasa take, Kwatano a wata, saboda haka katin bai yi ƙarya ba.

Sai kuma hular. Zanna ce, kullum a karkace ɗan kaɗan zuwa hagu, kuma babu mahaluki a Amurka da zai ce ya taɓa ganin tsakar kan Alhaji. Lokacin da ƙanƙara ke zuba, kowa ya ja hular sanyi har kunne, shi sai ya ɗora ta sanyin a kan zannar. Cewa yake mutuncin namiji a kansa yake. Mutum ɗaya ce ta san abin da ke ƙarƙashin mutuncin, wato matarsa Hajiya Habibatu, likitar yara, ita kuwa mace ce mai riƙon amana. Ba ta taɓa gaya wa kowa cewa sanƙo ne tun daga goshi har ƙeya, yana sheƙi kamar bayan sabon kwano ba.

Abu ɗaya ne ya rage wa Alhaji a duniya, shi ne kujerar shugaban ƙungiyar Hausawan yankin. Mai riƙe da ita ya yi ritaya zai koma Katsina, 'yan takara kuma biyu ne: Alhaji, da Injiniya Nazir na Woodbridge, wani mutum marar hayaniya wanda rabin rayuwarsa ta ƙare a cunkoson babbar hanyar 95, har haƙuri ya zame masa jiki. A ƙa'ida ɗaga hannu ake yi. Amma kowa ya san hannuwan nan ba sa tashi sai sun kalli Malam Munzali, tsohon limamin da ke raɗa wa jariran jama'a suna, ya ɗaura musu aure, ya sallaci gawarsu. Inda haɓar Malam ta nuna, nan ƙuri'a take zuwa.

Ana cikin haka aka yi wani suna a Hyattsville. Maza na zaune ana cin waina da miyar taushe, sai Injiniya Nazir ya kawo labarin wani abokin aikinsa da ya je hutu wata ƙasa wai ita Bhutan, can cikin duwatsu tsakanin Indiya da Sin, ƙasa mai sarki, mabiya addinin Budda, inda aka ce gwamnati har auna farin cikin talakawa take yi.

Bakin Alhaji ya riga shi. "Na je," in ji shi. "Abin da ba zan manta ba shi ne kifin bakin tekunsu."

Injiniya ya ɗan sosa gemu. Ba da mugunta ba, wallahi, mutumin ko mugunta bai iya ba, ya ce, "Ikon Allah. Shi kuwa ce mini ya yi ba su da teku, duwatsu ne ko ta ina."

Alhaji ya cika bakinsa da waina don ya sami lokacin tunani, tunanin bai zo ba. Malam Munzali kallonsa kawai ya yi ta saman tabarau, sannan ya ci gaba da cin abincinsa. Wannan kallon ya bi Alhaji har cikin mota, ya raka shi gida, ya hana shi jin daɗin shayinsa. Ya san sarai in bai goge shi ba, kujerar ta tafi Woodbridge.

"Hajiya, ki nemi hutu a asibiti," ya ce da matarsa washegari. "Bhutan za mu."

"Ina ce ka je?"

"Komawa zan yi in tabbatar."

Hajiya Habibatu ta yi shekaru ba ta ga hutun da ya wuce zuwa gida biki ko ta'aziyya ba, don haka ba ta tsaya jan magana ba, ta shiga neman takalmin hawan dutse.

Jirgin da ke kai mutum Paro, inda babban filin jirgin ƙasar yake, ba ya sauka kai tsaye. Kutsawa yake tsakanin duwatsu, ya karkata dama, ya karkata hagu, har ka hango gidajen mutane daidai tagarka. Alhaji, wanda tun daga tashi yake shaida wa maƙwabcin kujerarsa cewa shi barci yake yi in jirgi na girgiza, ya karanto duk addu'ar da ya haddace tun yana yaro, har da ta shiga kasuwa. Ya damƙe hannun Hajiya, abin da rabonsa da yi tun suna amarci. Da tayoyi suka taɓa ƙasa ya saki hannun, ya gyara hula, ya ce matuƙin bai yi laifi ba, amma shi ya ga waɗanda suka fi shi.

A bakin ƙofa jagoransu yana jira, wani magidanci mai fara'a, Tashi, sanye da rigar ƙasarsu mai tsayawa a gwiwa. Aikin Tashi shi ne ya yi bayani, aikin da Alhaji ya ɗora wa kansa kuwa shi ne kada ya bar shi ya kai ƙarshen jimla. Da Tashi ya fara, "Wannan gadar an gina ta ne a zamanin...", sai Alhaji ya ɗaga hannu ya ce ya sani, akwai irinta a Wudil. Aka kai su Thimphu, babban birnin, inda wani katafaren mutum-mutumin Budda mai ruwan zinariya yake zaune a kan tudu yana kallon gari. Alhaji ya leƙa ta tagar mota, ya hango yawan matakalar, ya ji numfashinsa na fita guntu-guntu saboda tsayin ƙasar, sai ya yanke hukunci cewa abin bai kai dutsen Dala ba. Hajiya ta hau ta gani. Shi ya fito ya jingina da mota, ya sa direba ya ɗauke shi hoto yana nuna sama da yatsa.

Wajen cin abinci ma Alhaji bai bar ƙasarsa ta ji kunya ba. Mutanen can ba zuba barkono a miya suke yi ba, barkonon shi ne miyar, a dafa shi da cuku a zuba a kan jar shinkafa. Tashi ya fara gargaɗi, Alhaji ya yi dariya ya ce shi Bakano ne, da yaji aka yaye shi. Loma ta farko dariyar ta ɗauke. Ta biyu hawaye suka zubo har gemu. Ya nemi shayi ya kashe wutar, aka kawo masa nasu, mai man shanu da gishiri. Da Hajiya ta miƙa masa hankici, ya ce ba komai ba ne, marigayiya mahaifiyarsa ce ta faɗo masa a rai.

Babbar jarrabawa a Punakha ta same shi. Akwai wani tsohon gini a can mai fararen bango masu kauri, a mahaɗar koguna biyu, rabinsa ofisoshin mulki rabinsa wurin ibada, ana shiga ta wata gadar katako mai rufi. A bakin ƙofa Tashi ya rusuna ya ce, "Yallaɓai, a nan ana cire hula, a ɗakunan ibada kuma har takalmi." Mai gadin da ke tsaye a ƙofar bai damu da mayafin Hajiya ba, hular ce dai idonsa yake kai.

Alhaji ya ja da baya taku ɗaya, ya gyara wuyan riga, ya buɗe murya yadda Turawan da ke layi za su amfana.

"Kai, ka san da wa kake magana? Wannan hular da kake gani ta shiga nahiyoyi. Ta gaisa da jakadu. A filin jirgin Amurka ma, in na zo wucewa, ɗaki na musamman ake kai mu ni da ita."

Wannan gaskiya ne, ɗakin bincike ne ake kai duk wanda ya ƙi cire hula a fili. Mai gadin ya yi murmushi, bai matsa daga ƙofar ba. Alhaji ya sanar cewa shi ma dama bai yi niyyar shiga ba, ya juya ya tsallake gadar, ya koma wurin ajiye motoci. Hajiya ta daɗe a ciki. Ta fito idonta na ƙyalli, tana ba shi labarin bangwaye masu zane tun daga ƙasa har rufi, da fitilun man shanu jere-jere, da ɗalibai masu jan mayafi suna rera karatu suna rangaji, ta ce sai da ta tuna makarantar allon unguwarsu. Alhaji ya ce ai ya sani.

A nan ne ya buɗe waya ya tarar guruf ɗin ƙungiya ya ɗauki zafi. Wani ya rubuta, "Ashe ɗan takararmu ziyarar gumaka ya tafi?" Wasu sun sa hoton dariya, wasu sun ja salati. Alhaji bai taɓa kawo wannan a lissafi ba. Ya zo ne ya wanke kansa daga ƙaryar teku, ga shi ana neman shafa masa abin da ya fi ta muni a idon Malam Munzali. Tun daga nan ya ƙudura cewa sai ya koma da wata hujja a hannu, wadda za ta rufe bakin kowa.

Kafin hujjar ta samu, sai da aka kai shi wurin da ƙasar ta fi alfahari da shi, wani wurin ibada da aka manna a jikin dutse can sama, kamar gidan zanzaro a bango, wanda suke kira Sheƙar Damisa. Ana hayar doki zuwa wajen rabin hanya, sauran kuma sai ƙafa. Aka kawo wa Alhaji wani ɗan ƙuru, gajeren doki mai taurin kai, wanda ba ya jin daɗin tafiya sai a gefen hanya, daidai inda in ka leƙa ba ka ganin komai sai kan itatuwa. Alhaji ya rungume wuyan dabbar da hannu ɗaya, ɗayan yana dafe da hula, yana yi mata magana da Hausa da Turanci da ɗan Larabcin da ya samu. Da suka isa gidan shayin da ke tsakiyar hanya, mutum biyu ne suka sauko da shi.

Nan ya zauna ya ce likitoci sun hana shi wuce wannan tsayin. Likitar da ke tare da shi ta ɗaure igiyar takalminta ta wuce. Ya sami wata tsohuwa 'yar Japan da ta kusa haifarsa tana hutawa, ya yi mata doguwar lacca kan yadda yake hawa Goron Dutse a guje yana saurayi. Tsohuwar ta saurara da ladabi, ta rusuna masa, ta ɗauki sandarta ta bi bayan Hajiya. Da aka sauko ƙasa da yamma, Alhaji ya sake tsayawa gaban motoci aka ɗauke shi, dutsen na can baya, ginin ya zama ɗan farin ɗigo a saman hularsa.

Ranar da za su taso aka shiga kasuwar Paro neman tsaraba. Mutumin da ya dawo daga tafiya hannu rabbana, a wurin Hausawa, daidai yake da wanda bai je ba, kuma Alhaji ya fi kowa sanin haka. Ya wuce masu sayar da saƙaƙƙun mayafai, ya wuce masu busasshen cuku, yana yatsina. Sai ya tsaya cak a gaban wani shago. A rataye, jere-jere, na katako da na dutse da na ƙashi, ga abin da bai yi tsammani ba.

"Allahu akbar! Hajiya, zo ki gani. Carbi!"

Nan take ilimi ya sauko masa. Ya bayyana wa mai shagon, da Tashi, da wasu Jamusawa biyu da ba su tambaye shi ba, cewa wannan shaida ce fatake Hausawa sun iso nan tun zamanin da ake tafiya Makka a ƙasa. Wasu ayari ne suka ɓata hanya, in ji shi, suka bar wa mutanen nan carbi.

"Yallaɓai," in ji Tashi, "waɗannan ai na..."

"Malam Tashi, ina jan carbi tun mahaifinka bai yi aure ba."

Ya sa aka sauko masa da dami guda. A ciki akwai wani fari tas na ƙashi, mai manyan 'ya'ya da sassaƙa a jikin kowanne, shi ya ware wa Malam Munzali. Tabaran karatunsa na cikin akwati, don a ganinsa suna tsofar da shi a hoto. Hajiya Habibatu ta ɗauki farin, ta kawo shi kusa da ido, ta juya shi.

"Alhaji, ka dubi wannan da kyau kuwa?"

"Hajiya, ke da kika yi ta cire takalmi kina shiga ɗakunan mutane, ke ce za ki koya mini carbi? Ni da na tsare mutuncina a waje?"

Hajiya mace ce mai haƙuri, amma haƙurin nan ya sha hawan dutse shi kaɗai, ya gaji. Ta mayar da abin cikin damin a hankali, ta ce Allah ya sa albarka.

Da suka dawo, Alhaji ya nuna karamcin da aka san shi da shi: ya ba da ɗakin ƙasa na gidansa a yi taron zaɓe a ciki, ran Asabar, tare da walimar dawowarsa lafiya. Aka cika. Maza a ƙasa kan darduma, mata a sama wajen Hajiya. A jikin bango babbar talabijin tana juya hotunan tafiya ɗaya bayan ɗaya. Da yake nasa hotunan ba su da yawa, kuma duk kusan iri ɗaya ne, ya sa an haɗa da na wayar Hajiya don abin ya yi auki.

Bayan an ci an sha, ya miƙe cikin babbar riga ruwan toka, ya yi gyaran murya.

"Allah ya gafarta Malam, dattawa, 'yan'uwa. Na ji abin da aka rubuta a guruf, kuma na yafe, domin rashin exposure ne. Ni ban je Bhutan yawon buɗe ido ba, na je ne a matsayin jakadanku. Babu lungun da ban shiga ba. Kuma ina so tarihi ya rubuta: duk inda na shiga, da hulata na shiga. Babban malaminsu da kansa ya ce a bar ni, bai taɓa ganin kwarjini irin wannan ba. Dutsen nan da kuke gani a hoto, na hau shi ina waya. Sannan na gano abin da Turawa masu bincike suka kasa ganowa, cewa kakanninmu sun riga kowa isa can. Ga hujja."

Ya kwance damin. Aka ce kai, masha Allah. Ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya yana miƙawa da hannu biyu, ya durƙusa gaban Malam Munzali ya ba shi farin, har Injiniya Nazir ya sami nasa, ɗan ƙarami na katako. Malam ya karɓa ya sa albarka, haɓarsa kuma, kowa ya gani, ta ɗan karkato wajen mai gida. Zuciyar Alhaji ta yi fari ƙal. A ransa har ya fara tsara irin katin da zai buga.

Lokacin la'asar ya yi, aka ce a yi salla kafin zaɓe. Malam ya ja, aka sallame, kowa ya ɗauko sabon carbinsa don a faranta wa mai tsaraba.

Yatsan dattijo ya san hanyarsa a carbi ko da ido a rufe. Talatin da uku, ya ci karo da alama, ya juya zuwa hamdala. Yau kuwa yatsu suna ashirin da bakwai suka yi tuntuɓe da alamar. Kowa ya ɗauka hankalinsa ne ya tafi wajen jinginar gida ko kuɗin makarantar yara, ya nemi tsari daga Shaiɗan, ya koma farko. Aka sake tuntuɓe a wuri ɗaya. Sai aka fara satar kallon juna ta gefen ido, sahu guda na dattawa, kowa leɓe na motsi, yatsa ya tsaya.

Alhaji Imrana, wanda ya yi shekaru yana karanta labarai a gidan rediyo kafin ya yi ritaya, ba ya barin abu a duhu. Ya ɗaga nasa ya ƙirga a fili tun daga farko har ƙarshe, da muryar nan tasa da duk ƙasar Hausa ta sani.

"Ɗari da takwas," ya ce. "Alhaji, nawa ya yi yawa."

"Nawa ma," in ji wani daga baya.

Alhaji Na-Je bai girgiza ba. "Takwas ɗin gyara ce," ya ce. "Mutanen can akwai karamci."

Wasu har sun fara gyaɗa kai. Amma Malam Munzali bai ɗago ba. Tun ɗazu babban yatsansa yake jin wasu 'yan ramuka a jikin kowane ƙwaya, biyu a sama, wasu ƙanana a jere a ƙasa. Ya laluba aljihu ya ɗauko tabarau, ya ɗaga farin carbin wajen hasken 'yar tagar da ke kusa da rufi. Na kusa da shi suka miƙa wuya. Kowane ɗa ƙoƙon kan mutum ne aka sassaƙa, ƙarami, da ramukan ido da haƙora a waje, fiye da ɗari, duk suna yi wa liman dariya.

Daidai nan talabijin ta juya hoto, ta kawo wani daga cikin na Hajiya. Wani tsoho ne mai jan mayafi, kansa a aske, zaune a tsakar gidan ibadar Punakha yana lazimin addininsu, a hannunsa kuma ga ɗan'uwan wanda ke hannun Alhaji Imrana, har jan tuntun da ke ƙarshensa. Daga sama kawai ake jiyo shewar mata, da alama Hajiya ta iso wajen labarin doki.

Malam ya naɗe abin a hankali ya ajiye a kan darduma.

"Alhaji, wannan kayan ibadar mutane ne. A wurinsu yana da daraja, ba abin wasa ba ne. A tattara maka, ka adana musu da mutunci."

"Allah ya gafarta Malam, wallahi ni ban..."

"Kwantar da hankalinka. Duk wanda ya zarge ka da bin addinin wasu ya zalunce ka. Mai yin haka sai ya san abin da yake riƙe da shi."

Gumi ya fara gangarowa daga ƙarƙashin zanna. Malam ya juya ya ƙura wa talabijin ido, hotuna na wucewa: zanen bango, fitilu, gada, sai Alhaji gaban farar bas, kogi, tutoci masu launi, sai Alhaji gaban jerin ƙananan motoci.

"Amma na lura da wani abu," in ji Malam. "Duk hoton da ka fito a ciki, motoci ne a bayanka, kuma a jere suke tsaf, ba wadda ta tare wata."

Alhaji ya ji kamar an miƙo masa igiya yana cikin rijiya. Ya kama da hannu biyu. "Ai ni na nuna wa direbobinsu yadda ake jerawa, Allah ya gafarta Malam. Da ka ga yadda na tarar da su!"

"Madalla. Kowace Idi maƙwabtan zauren da muke haya sai sun kai ƙararmu kan fakin, bara har motar Alhaji Imrana aka ja. Mun daɗe muna neman wanda ya san aikin nan a ƙasashen waje. Jama'a, wa ya yarda?"

Hannuwa suka tashi gaba ɗaya, har da na Injiniya Nazir, wanda ya ɗaga nasa da zuciya ɗaya. Tun da aka kafa ƙungiyar ba a taɓa zaɓen da babu hamayya irin wannan ba. Bayan haka aka zo kan kujerar shugaba, abin bai ɗauki lokaci ba, ta tafi Woodbridge.

Kada wani ya ce Alhaji ya karaya. Kafin sati ya zagayo ya buga sabon kati, Darakta Janar na Sashen Zirga-zirga. Ran Idi tun da sassafe yana bakin zauren, ya ɗora 'yar rigar masu ba da hannu mai ruwan lemo a kan babbar riga, usur a baki, yana yi wa likitoci da furofesoshi tsawa su matsa gaba. Jama'a suka yi ta wuce shi suna cire takalma suna shiga. Kafin ya gama da motar ƙarshe, ya jiyo muryar Malam Munzali ta lasifika yana sallamewa.

Da yamma wani ɗan'uwansa ya bugo daga Kano yi masa barka da salla, ya tambaye shi ko ya sami zuwa Idi bana.

"Na je," in ji Alhaji.

Wannan karon kam akwai shaidu. Ya je, ya tsaya a waje wurin motoci, da hularsa a kai.